Famfon da ake zura wa zuciya ta jijiyar cinya: me yake yi, kuma har yaushe?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Mahaifinmu yana Indiya neman magani, sai jijiyar zuciyarsa ta toshe, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Yayana da ke jinyarsa ya ce likitoci sun saka masa wani ɗan famfo mai suna Impella ta cinya, ba tare da sun tsaga ƙirji ba. Shin zuciyar roba ce suka sa masa? Da ita zai rayu ke nan? Hankalinmu a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ba zuciyar roba ba ce, kuma ba da ita zai dawo gida ba. Zuciyarsa na nan tana bugawa. Famfon riƙon ƙwarya yake yi mata na 'yan kwanaki, daga nan a zare shi.

Zuciyar babban mutum lafiyayye tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti yana zaune. Idan babbar jijiyar da ke ciyar da naman zuciyar ta toshe, wani sashe nasa ya daina matsawa, jinin da ke fita sai ya ragu sosai. Hannu da ƙafa su yi sanyi, fitsari ya ɗauke, mutum ya fara ruɗewa, ƙoda da hanta su soma gazawa. Wannan hali ne mai tsanani, kusan rabin waɗanda suka shige shi ba sa tashi. Abin da aka saba yi shi ne a buɗe jijiyar da ta toshe cikin gaggawa, a kuma ɗaura magungunan da ke tilasta wa zuciya ƙara ƙarfin bugu. Matsalar magungunan nan ita ce tamkar bulala suke ga jakin da kaya ya riga ya durƙusar: zai yunƙura, amma ƙarfinsa ne ke ƙarewa. Famfon kuwa rage masa kayan yake yi.

Ga yadda ake saka shi. Likita zai huda babbar jijiyar jini a matsematsi, ya zura siririn bututu, yana kallon tafiyarsa a allon hoto, har ya haura ciki da ƙirji, ya bi ta ƙofar da jini ke fita daga zuciya, kansa ya faɗa ɗakin hagu na ƙasa, wanda shi ke tura jini zuwa duk jiki. Kusa da kan bututun akwai ɗan mitsitsin inji da farfela mai murɗe, kaurinsa bai wuce milimita 5 ba a irin wanda ake sakawa ta cinya. Farfelar tana juyawa sau dubbai masu yawa a minti, tana zuƙo jini daga cikin zuciya tana zubawa a babbar jijiya, bayan ƙofar. Samfurin CP, wanda aka fi amfani da shi a irin halin Baba, yana iya tura kusan lita 4 a minti. Akwai babbansa, 5.5, wanda sai likitan tiyata ya buɗe jijiyar da ke ƙarƙashin kafaɗa, shi yana iya zama har mako biyu, mara lafiya ma ya tashi zaune da shi. Na cinya kuwa a ƙa'idarsa kwana 4 ne ko ƙasa da haka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani likita ɗan Amurka, Richard Wampler, ya ƙera irinsa na farko, aka saka wa mutum a birnin Houston a 1988. Injiniyoyi a Aachen ta ƙasar Jamus suka inganta shi ya zama Impella, kamfanin Abiomed ya sayi kamfaninsu a 2005, shi ma Johnson & Johnson ya saye shi a 2022.

To, yana ceton rai? A nan ya kamata a yi magana a hankali, domin mu likitocin zuciya mun daɗe muna son na'urori kafin hujja ta iso. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake saka wani balan-balan a babbar jijiya don taimakon zuciya, kowa ya yarda da shi, sai binciken IABP-SHOCK II na Jamus a 2012, a kan marasa lafiya 600, ya nuna bai rage mutuwa ba. Shi ma Impella an yi shekaru ana saka shi babu ƙwaƙƙwarar shaida, sai a 2024 aka fitar da sakamakon binciken DanGer Shock, wanda aka yi a Denmark da Jamus da Ingila, aka kwashe shekara 10 ana tara mutane 360. Bayan wata 6, kashi 45.8 cikin 100 na waɗanda aka saka wa famfon sun rasu, a waɗanda ba a saka wa ba kuwa kashi 58.5. Wato a kowane mutum 8 da aka saka wa, an tsirar da ƙarin rai guda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ciwon da magunguna da yawa suka gaza. Amma ki lura, waɗanda aka gwada zaɓaɓɓu ne: masu toshewar jijiya irin ta Baba, ba waɗanda zuciyarsu ta tsaya suka daɗe a sume ba.

Kuma binciken bai ɓoye illolin ba. Zubar jini mai yawa ya fi faruwa ga masu famfon, haka toshewar jini zuwa ƙafa, kuma kusan kashi 42 cikin 100 sun buƙaci wankin ƙoda, a ɗaya rukunin kashi 27. Farfelar tana iya farfasa ƙwayoyin jini, musamman idan bututun ya goce daga mazauninsa. A 2024 ɗin ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi mai ƙarfi cewa kan bututun na iya huda bangon zuciya, aka sabunta umarnin amfani da shi. Shi ya sa ba kowa ake saka wa ba. Wanda ke da gudan jini a cikin zuciya, ko ƙofar zuciya ta ƙarfe, ko jijiyoyin ƙafa da suka tsuke ƙwarai, ba a yi masa. A ganina, ƙwarewar ma'aikatan da ke gadin na'urar dare da rana ta fi sunan na'urar muhimmanci.

Ki gaya wa yayanki abin da zai gani, don kada ya tsorata. Akwai akwatin na'ura a gefen gado mai allo da ƙara, da ledar ruwan sukari, galibi haɗe da maganin tsinka jini, da ke wanke injin don kada jini ya daskare a ciki. Ƙafar da aka huda dole ta zauna a miƙe, ba lanƙwasawa, ba ɗaga kan gado sosai. Zai ga nas tana yawan taɓa bayan ƙafar tana neman bugun jijiya, tana kuma leƙa ledar fitsari. Idan ya ga ƙafar ta yi sanyi ko ta canza launi, ko fitsarin ya koma ja ko ruwan shayi, ko jini na tsattsafowa daga matsematsi, ya kira su nan take, kada ya ce kunya.

Babbar tambayar da zai yi wa likitocin ita ce: bayan famfon sai me? Idan naman zuciyar suma ya yi bai mutu ba, za su riƙa rage gudun injin kaɗan-kaɗan, suna duba hoton zuciya da awon jini da yawan fitsari, idan ta riƙe sai su zare shi. Idan ba ta farfaɗo ba, sai a yi maganar babban famfo, ko wanda ake dasawa da tiyata ya daɗe, ko dashen zuciya, kuma shekarun Baba da lafiyar ƙodarsa da ƙwaƙwalwarsa ne za su nuna ko hakan zai yiwu. Ya nemi su faɗa masa kowace safiya ko sun rage magungunan ƙarfafa bugu, ko ƙodar na aiki, da ranar da suke sa ran cirewa. Ya kuma tambayi kuɗi tun yanzu a rubuce, domin na'urar sau ɗaya ake amfani da ita, kuma ita kaɗai farashinta dubban daloli ne masu yawa, ban da kuɗin ɗakin kulawa ta musamman.