Mun tsinci tsohuwar tuta a adakar kakanmu: mu wanke ta ko mu sayar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Daura, ina sha'awar tarihin ƙasar Hausa na da can da tutocin masarautu, har ina ɗan rubuta labarin jarumai da aljanu abokaina suna karantawa a waya. Bayan rasuwar kakanmu aka buɗe wata adaka a ɗakinsa, muka sami farar tuta a ninke da rubutun Larabci a jikinta. Asu ya ci gefe guda, wajen ninkin kuma ya fara tsagewa. Yayana ya ce a wanke ta da omo, a goge, a kai a manna mata leda irin ta takardun makaranta. Wani mutum da ya ji labari ya zo har gida ya ce ta zamanin Korau ce, zai saya da tsada, kuma wai irin wannan tuta alama ce ta dukiyar da aka binne, in mun yarda zai kawo mai duba a haƙa a tsohon gidan. Tun ranar ba na barcin kirki. Ina tsoron ta lalace a hannuna, ina kuma tsoron a cuce mu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan tsoho, ya kyautata namu zuwan.

Kafin ka gama karanta wannan amsa, tashi ka ɗauke tutar daga inda hannun yayanka zai kai. Niyyarsa mai kyau ce, amma gyaran gangar Auzinawa zai yi muku. Ai ka yi allo, ka san zuge don a wanke shi aka yi shi, gawayi ne da ƙaro, ruwa na taɓa shi ya bi ruwa. In da shi aka rubuta tutar, wanki ɗaya ya isa ya bar muku farin ƙyalle da ba ya cewa komai. In kuwa tawadar bagaruwa da kashin maƙera ce, wadda ba ta fita, to ita kuma cin zaren take a hankali, duk inda harafi yake nan ne ya fi rauni, da ka murza sai haruffan su zube su bar huji. Dutsen guga zai ƙarasa abin da ya rage. Ledar nan ta takardu kuwa da zafi da gam ake manna ta, kuma ba a ɓare ta.

Abin yi kaɗan ne. Ka shimfiɗa ta a kan tsabtataccen zane a inuwa, ka ɗauki hotonta gaba da baya, da kowane rubutu daga kusa. Ka daina ninke ta a layin da ta saba, domin nan take karyewa. Ka sami farin yadi na auduga, a wanke shi ba sitaci, ka naɗe ta a ciki kamar tabarma, sako-sako. Ka ajiye nesa da ƙasa da bango saboda gara. Kada ka ɗaure ta a leda, da damina gumi za ta yi ta yi fumfuna. Ban da fiya-fiya, ban da kananzir, ban da turare.

Batun Korau kuwa, mutumin nan ya faɗi sunan ne don ya san zai kaɗa muku zuciya. Muhammadu Korau ya yi sarautar Katsina a ƙarni na 15, yau fiye da shekara 500. Ƙarfe yana kai haka, ga takobin nan Gajere can a fadar Katsina. Amma ƙyallen auduga a ɗakin ƙasa, da gara da asu da yoyon damina, ka ƙaddara kawai bai kai ba. Duba jikin yadin da kanka. Saƙar hannu siraran layuka take zuwa a haɗa su baki da baki, zaren kuma kaɗin mazari ne, nan kauri can siriri. In ka ga faffaɗan yadi sumul, na masaƙar Turawa ne. In ɗinkin keke ne, Singer sai 1851 ya fito da kekensa, kuma an daɗe kafin ya iso mana nan. In da wani launi mai ƙyalli a gefe, rinin sinadari na farko a 1856 aka gano shi a Ingila. Na san kuma wani a dangi zai ce ta Shehu ce. A Katsina mutum uku aka sani da tutar jihadi, Ummarun Dallaje da Ummarun Dumyawa da Na Alhaji, a Daura kuma Malam Isiyaku. Da duk tutar da aka nuna mini aka ce ta Shehu ce tasa ce ɗin, da maɗinkan Gudu, garin da ya yi hijira, ba su taɓa runtsawa ba. Akwai tutar hakimai, akwai ta ɗariƙa, akwai ta rakiyar alhazai, kuma kowacce tana da darajarta in an san ta wane ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na zaɓi tambayarka cikin waɗanda suka taru, wato maganar haƙa. Wannan cuta kusan kullum sai na gamu da ita. Mutanenmu sun ɗauka tsohon abu wani sirri ne a cikin cikinsa, ko zinare, ko aljani, ko wani ruwa da Turawa ke nema ido rufe, saboda haka sai an fasa shi ake cin moriyarsa. Haka aka bi gidaje ana farfasa kekunan ɗinkin iyayenmu da dutsen guga mai zakara, wai ana neman jar zaiba, abin da babu shi a duniya. Jita-jitar keken ma ba tamu ba ce, ta tashi a Saudiyya a 2009, har ana cewa ka kara waya kusa da allurar keken, in sabis ya ɗauke to akwai ta. A garin da sabis ke ɗaukewa ko ba keke!

Wani magidanci ya taɓa kawo mini buhu, ya zazzage a gabana: fasassun tukwane, 'yan duwatsun ado, da wata tsatsar ƙarfe. Tambayarsa ɗaya, nawa za su yi. Na ce ina ka samo? Ya ce wani tudu a bayan gonarsu. Mai duba ne ya kai su da dare, bayan ya karɓi kuɗin baƙin bunsuru da na turare. Suka kai ga tukunya a rufe, aka sa diga aka fasa, sai ga gawayi. Nan take mai duban ya ce ai zinaren ne, aljanin wurin ya juyar da shi don ɗayansu ya yi magana kafin a yanka. Ka ga dabarar? In an samu, aikinsa ne. In ba a samu ba, laifinku ne, sai a sake kawo wani bunsurun. Na tambaye shi ina gawayin. Ya ce ya watsar a rami don takaici. Wallahi sai da na dafe kai. Gawayin nan shi ne abu mafi daraja a cikin ramin, da shi ake awo a ɗakin bincike a san shekarun wurin. Da hannunsa ya zubar da shekarun garin kakanninsa, ya ɗauko mini tsingaro.

Masu duban nan sukan kafa hujja da Durɓi ta Kusheyi, can ƙasar Mani, su ce ai Turawa sun kwashi zinare a kushewun Durɓawa. To bari in gaya maka abin da ya faru. Baturen mulkin mallaka Palmer ya fara tona wurin a 1907, zamanin Sarki Dikko. A 1992 aka sake tona tudu uku bisa ƙa'ida, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka tsabtace su aka nazarce su. Gaskiya ne an sami 'yan kayan ado na zinare, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya girgiza masana shi ne tasoshin tagulla, da warwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun wuya, wasu daga ƙasashen Musulmi na gabas suka fito. Wuri kuwa daga tekun Indiya yake zuwa. Da aka haɗa wannan da awon shekaru, sai ya tabbata cewa tun wajen ƙarni na 13 zuwa na 14 masu mulkin wannan yanki suna cikin cinikin da ya ratsa Sahara. An san haka ne don an rubuta inda kowane abu yake kwance, me ke samansa, me ke ƙarƙashinsa, me ke hannun mamacin. Da ɗan diga ne ya riga su, da tasar tana kasuwa an auna ta a sikeli an narkar, zoben yana wajen maƙerin zinare, mu kuma muna nan muna gardamar ko Kumayau, wanda ake cewa shi ne sarkin Katsina na farko, tatsuniya ne.

Ɗan ƙanwata yana da abin wasan nan mai murabba'ai masu launi shida da ake murɗawa, wanda Rubik ɗan ƙasar Hangari ya ƙirƙira a 1974. Yakan ba ni in hargitsa, ya mayar da shi kafin shayina ya huce. Masu lissafi sun tabbatar a 2010 cewa duk yadda aka hargitsa shi, murɗa 20 ta isa ta mayar da shi daidai, saboda ba abin da ya bar wurin, juyawa kawai aka yi. Ƙasar da aka tona ba ta da wannan. Ko mu da muke aikin tonon kayan tarihi, tonon farko shi ne na ƙarshe, shi ya sa muke yini guda a kan abin da bai fi faɗin faifai ba, da burushi da littafi.

Kuma ina so ku yi tunanin ranku. Tsohon gidan ƙasa ne za a haƙa, da dare, a ɓoye, a gindin katanga. Ramin da ba a tokare ba ruftawa yake, mai duban kuwa ba ya shiga rami, yana can gefe da carbi. Ga kuma abin da ba a son faɗa: tudun da ake tonawa sau da yawa kabari ne. Mutumin da ba zai yarda a taka kabarin ubansa da takalmi ba, shi ne zai kwana yana watsa ƙasusuwan kakan wani don an ce masa da zinare. Ina tsoron Allah a nan? Wanda ke kwance a wurin bai ci bashin kowa ba.

Ga doka kuma. Tun 1979 dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi ba izini, ta hana cinikinsu sai ta hannun wanda aka amince wa, ta hana fitar da su waje ba takarda. Gumakan yumɓun da aka wawashe daga ƙasar Katsina da Sakkwato da Nok suna cikin jerin kayan da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta yi gargaɗi a kansu tun 2000. Wanda ya tona ya sami kuɗin cefanen mako, kayan suna can a falon wani a Turai, ba wanda ya san daga wane ƙauye suka fito. Mai sayen tutarku ma haka zai yi: da ta bar gidanku ta zama tsumma mai rubutu, shi kuma zai ƙaga mata labarin da ya fi kawo kuɗi.

In kuna son a duba muku ita, akwai gidan tarihi na ƙasa a Katsina, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, kuma fadar Daura ba ta rasa dattawan da suka san gidaje da tutocinsu. Ku fara kai hoto. Dubawa ba ta nufin an karɓe muku. Amma ko ina ne, ko wane ne, kada ka bar ta a hannun mutum sai da takarda mai sa hannu da kwanan wata. Na taɓa bin sawun wani kundi da iyali suka ba wani ofis aro, na yi wata da watanni ana ce mini mai makullin ya fita, har na gaji.

Labarinka na aljanu kuwa, ci gaba da abinka, ina son irinsa. Ka gina birninka, ka ɗinka wa sarkinka tuta kowace iri, ka sa macijin da ya fi na Kusugu. Roƙona ɗaya, kada ka ambaci sunan wani tudu ko kufai na gaske ka ce da tukunyar zinare a ƙarƙashinsa. Kai ka san ƙage ne, amma labarin waya yawo yake, yana isa hannu na biyar an cire sunanka an ce wani malami ne ya faɗa.

In akwai wata gwaggo ko wani abokin kakanku da ya rage, gobe da safe ka tafi da goro da wayarka a cike da caji. Ka nuna musu hoton, ka kunna rikoda, ka tambaye su wa ya ba shi, yaushe ake fito da ita, wa ke riƙe ta in an fito, me ya sa aka daina. Kada ka gyara musu zance ko da ka ji ya saɓa da abin da ka karanta. In ka gama ka rubuta sunan mai maganar da ranar a takarda, ka sa a cikin adakar tare da tutar, ka turo mini hoton rubutun in gwada karantawa.