Tambayi Inna Metiron: Wadda ta koya mini aiki, yau ni ce shugabarta

TAMBAYA: Assalamu alaikum Inna. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Zariya. Wata uku ke nan da aka ɗora ni a kan ɗakin masu doguwar jinya, mai gado 18, galibi tsofaffi masu shanyewar ɓarin jiki da waɗanda hatsarin mota ya taɓa wa laka. Damuwata wata Anti ce da ta haura shekara 20 tana aiki. Ita ta koya mini sa ƙarin ruwa ina ɗaliba. Tun da aka ba ni wannan matsayi ta canza mini. In na fitar da rosta, wato jadawalin aiki, sai ta musanya ranaku da wasu ban sani ba. A gaban 'yan jinya take ce mini "yarinyar nan". Makon jiya kuma na tarar ba a sa hannu a takardar juya marasa lafiya ta dare ba, alhali ita ce ta kwana, kuma fatar ƙugun wani dattijo ta fara sauya launi. Wasu sun ce in ba ta kweri, wato takardar tuhuma, wasu sun ce in yi haƙuri. Yaya zan yi? Daga 'yarki a Tudun Wada.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Kin haɗa mini abubuwa uku a ƙwarya ɗaya, kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Bari mu fara da bayan dattijon nan, don shi kaɗai ne ba zai jira ba.

Kin san gyambon kwanciya ba ya sallama. Nauyin jiki ne ke danne fata a kan ƙashi, jini ya daina isa wurin, naman ya fara mutuwa. Shi ya sa aka koya mana juya mara lafiya duk bayan awa biyu. A baƙar fata irin tamu kuma ba lallai ki ga jan da littattafai ke faɗa ba. Sai dai wurin ya ƙara duhu, ya yi ɗumi ko tauri, don haka da hannu ake dubawa, ba da ido kaɗai ba. Ga zafin Zariya na watan Maris da Afrilu, ga gumi, ga fitsari a zanin gado. Wanda laka ta taɓu ba ma ya jin zafin balle ya yi ƙorafi. Wannan ba maganar girma ko ƙanƙanta ba ce, kuma ba a yin kara a kanta.

Amma kada ki fara da kweri. Ni na yi wannan kuskuren. Shekarar da aka fara ba ni ɗaki, sati biyu ban cika ba na miƙa wa wata da ta girme ni takarda saboda latti. Ta amsa da layi biyu, aka rufe magana, ni kuwa na shekara ana gaishe ni da baki kawai. Daga baya na ji mijinta ne kwance a gida, ita ke yi masa wanka kafin ta hau mota daga Samaru. Ruwa ba ya tsami banza.

Taki Antin ma ina jin akwai abin da ke cin ta. Da yawa daga cikin tsofaffin hannu takardar makarantar jinya suke da ita, sai ga yaran da suka koya wa aiki sun dawo da digiri an ɗora su a kansu. Ba ke kika yi mata ba, amma ke take gani kullum.

Ki same ta ita kaɗai, a ofis, ƙofa a rufe, ba lokacin miƙa aiki ba. Ki gaishe ta yadda kika saba. Sai ki ajiye takardar daren a gabanta ki ce, "Anti, daren Talata ba a sa hannu ba, ga kuma yadda bayan Baba na gado na 7 ya zama. Me ya faru?" Sai ki yi shiru. Kada ki kawo zancen hali ko raini, ki tsaya a kan rana da gado da takarda. Wataƙila ki ji cewa su biyu ne kacal a kan gado 18 a daren, kuma ɗaya ta raka mara lafiya ɗakin hoto. In haka ne, gyaran naki ne: ki sake lissafin masu kwana, ki kuma koya wa 'yan jinya yadda ake juyawa da sa matashi a ƙarƙashin ƙwauri don diddige ya tashi daga katifa.

Rosta kuwa, ki bar musanya, don ba a raba ma'aikatan jinya da biki da suna da rasuwa. Sharaɗi ɗaya: a rubuta a littafi, ki sa hannu kafin ranar. Ki faɗa wa kowa a taro don kada ta ga da ita ake.

"Yarinyar nan" ma ni da zan bar ta ta wuce tsakaninku, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. A gaban 'yan jinya ne kawai za ki roƙe ta ta daina, don in sun raina ki ba za su bi umarninki a kan majinyacinsu ba. Ki kuma ba ta wani abu ta riƙe. Mace mai shekara 20 a aiki ta san wankin gyambo fiye da ke, ki sa ta koya wa ɗalibai.

Duk abin da kuka tattauna ki rubuta shi da kwanan wata, ki sanar da metiron ɗinki da baki tun yanzu. In aka sake samun dare babu sa hannu bayan wannan zama, to ki ba da kweri ba tare da jin nauyi ba, ki ambaci ranakun. Lasisin da Majalisar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ta ba ki naki ne, kuma in gyambon nan ya kai ƙashi, shugabar ɗaki za a fara kira.

Gobe da safe kafin ki neme ta, ki fara duba diddigen Baban da kwatangwalonsa, ba ƙugu kaɗai ba.