Na'urar bin sawun mota ta tauraron ɗan'adam: a saya ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sana'ar gwari a kasuwar Mile 12 a Legas, ina da motoci takwas masu ɗauko min tumatir da albasa daga Kano da Sakkwato. Wani dillali ya kawo min tallar na'urori masu aiki da tauraron ɗan'adam, ya ce in liƙa wa kowace mota, har da robobin tumatir guda 200, in riƙa ganin komai a wayata. Kuɗin ba kaɗan ba ne. In zuba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Shawarata ita ce ka saya wa motoci, ka bar batun robobi tukuna.

Akwai abin da dillalai ba su cika fayyacewa ba. Tirakar da kowa ya sani, wato na'urar bin sawun mota ta gama-gari, ita ma daga taurarin GPS take gane inda mota take, kuma wannan kyauta ne. Inda kuɗi ke shiga shi ne wajen aiko maka da labarin. Ta gama-gari da layin waya take aikowa, in sabis ya ɗauke sai ta yi gum. Ta tauraro kuwa kai tsaye take cilla saƙon sama, ko da motarka na tsakiyar daji tsakanin Tegina da Mokwa ƙarfe biyun dare. Wannan gurbin kaɗai kake biya wa kuɗi. Kuma gurbi ne na gaske: ka tuna a watan Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, duk mai dogaro da layi ya koma kamar makaho.

Sai dai kada a ruɗe ka da sunan Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Wancan intanet ne na gida da ofis, mai faranti da cin wuta. Waɗannan ƙananan na'urori galibi kamfanoni irin Iridium da Globalstar suke hawa. Iridium na da taurari 66 masu zagayawa kimanin kilomita 780 sama da ƙasa, kuma saƙo ɗaya a tsarinsu na gajerun saƙonni kimanin tsawon tes biyu ne kawai a ƙananan na'urori. Ya isa ya gaya maka inda mota take da ko tana tafe ko ta tsaya, amma ba zai nuna maka fuskar direba ba.

To, ga inda nake so ka natsu. Kuɗin na'ura sau ɗaya ake biya, kuɗin wata-wata shi ne mai cin jari, kuma yawanci da dala ake lissafa shi. Mu ƙaddara dala 15 ce kowace na'ura a wata, misali kawai. Motoci takwas sun kama dala 1,440 a shekara. Lodi ɗaya da ka tsira da shi zai iya mayar maka. Amma robobi 200 sun kama dala 36,000 a shekara. Kai da naira kake ciniki, in dala ta tashi ba wanda zai ƙara maka ko sisi a kan kwando. Ga shi na'urar sai ta ga sararin sama take aiki. Robar da aka danne a ƙasan lodi, an lulluɓe da tamfol, an jibga wasu goma a kanta, wace sama za ta gani? In zafin kaya kake son sani, a sa ƙananan ma'aunan zafi biyu ko uku cikin lodin, su riƙa miƙa wa na'ura guda da ke saman kan mota.

Ka nemi mai baki biyu, wadda ke aiki da layin waya a gari, sai sabis ya yanke ta koma tauraro. Ka ce dillalin ya nuna maka shaidar amincewar NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ya kuma rubuta maka a takarda saƙo nawa ne a wata, nawa ne in an zarce, wa zai gyara a nan Legas in ta lalace.

Ka fara da mota biyu, wata uku, ɗaya hanyar Lokoja ɗaya hanyar Jebba. Kuma ka zaunar da direbobinka ka gaya musu da bakinka kafin a ɗaura. Direban da ya san cewa in ya lalace a daji za a turo masa makaniki ba tare da ya hau tudu neman sabis ba, shi da kansa zai riƙa goge mata ƙura.