Amsa: Yaro zai tafi karatu Bejaia, wane irin wuri ne?

Alhaji, ka ce ɗanka ya samu gurbin karatu a jami'ar Bejaia ta Aljeriya, kana son sanin yanayin ƙasar da mutanenta. Ka bar shi ya tafi, wuri ne mai kyau. Garin yana yankin Kabiliya, gabas da birnin Aljiyas, duwatsu a bayansa, tekun Bahar Rum a gabansa. Mutanen Musulmi ne, amma ba Larabawa ba ne, Imazigen ne, harshensu dangin na Buzayenmu ne, kuma tun 2016 gwamnati ta mai da shi harshen hukuma. Suna ji da asalinsu ƙwarai, don haka ka ja masa kunne kada ya kira su Larabawa. Gari ne na ilimi tun ƙarni na 11, lokacin da sarakunan Banu Hammad suka mai da shi fadarsu. Ƙauyukan mutanen Kabiliya a kan tsaunuka suke, zaitun da ɓaure ko'ina, matansu da kayan azurfa masu ado. Har yau suna alfahari da Lalla Fatma N'Soumer, wadda ta yaƙi Faransawa har suka kama ta a 1857.

Sharaɗi ɗaya: sanyi. Ni da na zauna can, hunturun Maradi bai shirya ni ba. Sanyinsu da ruwan sama yake zuwa, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, dusar ƙanƙara kuma ta rufe duwatsun Jurjura, inda ƙololuwar Lalla Khadija ta kai mita 2,308. Ka saya masa rigar sanyi mai kauri da takalmi rufaffe tun kafin Disamba.