Tambaya da Amsa: Kwarin da ke jikin wuƙar soja, hanyar jini ce?

Tambaya: Baba, ina gaisuwa. Kakanmu ya rasu ya bar wata doguwar wuƙa a akwatinsa, wadda ya dawo da ita daga yaƙin Bama. Tana da zobe a gindi, ga kuma wani kwari da ya bi tsawon ruwanta. Abokaina sun ce hanyar jini ce, wai don ta zaru da sauƙi. Haka ne? Kuma me ya sa ta sojojin yanzu gajera ce?
Daga wani ɗalibi, Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Abin da ke hannunka banati ne, wato wuƙar da ake kafawa a bakin bindiga, zoben nan kuwa shi ake zurawa a hancin bindigar. Yadda ka siffanta ta, ta yi kama da samfurin 1907 na bindigar Lee-Enfield ta sojojin Ingila, mai ruwa inci 17.

Zancen jini kuwa, faɗa ce kawai ta bakin mutane. Wani tsohon maƙeri a cikin birni ne ya warware mini wannan tun ina saurayi. Ya ɗauko ruwan takobi biyu masu tsawo ɗaya, guda da kwari guda babu, ya ɗora mini su a tafin hannu ya ce in auna. Mai kwarin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sai ya kafa tsininsa a kututture ya danna, ya ɗan lanƙwasa ya dawo daidai. Ya ce, "Yaro, ƙarfen tsakiya nauyi ne kawai, ƙarfin yana gefe." Hikimar ke nan: a rage nauyi, a yi tattalin ƙarfe, ruwan kuma bai yi laushi ba. Duba takubban mahaya ranar hawan Sallah, za ka ga irin wannan kwarin a jikin da dama.

Tsawon kuwa yana da tarihi. Ana danganta sunan banati da garin Bayon na Faransa, a ƙarni na 17. Ta farko cusa mariƙinta ake yi cikin bakin bindiga kamar toshiya, da an sa ta harbi ya ƙare. A yaƙin Kilikiranki na Sukotilan a 1689, sojojin gwamnati suna ta kiciniyar cusa nasu mayaƙan tsauni suka auka musu da takubba. Daga baya aka koma mai zobe, wadda ke barin bakin bindiga a buɗe. A wancan zamani aikinta na māshi ne, don tare mahayin doki, shi ya sa ake son tsawo.

Yaƙin duniya na farko, 1914 zuwa 1918, shi ya karya wannan tunani. A cikin rami mai ƙunci doguwar wuƙa sai ta zama kaya, har wasu sojoji suka riƙa yanke nasu suna mai da su gajeru. A yaƙi na biyu Ingila ta fito da wata kamar ƙatuwar ƙusa, tsini kawai ba kaifi, ko igiya ba ta yankawa.

A nan hanya ta rabu. Fairbairn da Sykes, tsofaffin 'yan sandan Shangai, suka ƙera siririyar wuƙa mai kaifi biyu a 1941, ta faɗa zalla. Sojojin Amurka na rundunar Marines kuwa suka karɓi wuƙar Ka-Bar a 1942, mai ruwa inci 7 da mariƙin fata, wadda ke fasa akwati, ta yanka reshe, ta buɗe gwangwani. A ganina wannan ce ta fahimci rayuwar soja, domin kwanakin yankan igiya da haƙa sun fi na gaba da gaba yawa. Rasha ta ƙara gaba da banatin bindigar AKM na 1959: akwai huda a ruwansa, in ka haɗa shi da kubensa sai ya zama almakashin datse waya.

Tsofaffin sojojin Bama da na zauna da su a Sabon Gari sun fi ambaton adda a kan banati, domin da ita suka sare hanya a kurmi. Barikin Chindit da ke nan Zariya, inda ake horar da kurata, sunan rundunar da 'yan Nijeriya suka yi yaƙi a cikinta a 1944 ya ɗauka.

Kada ka kai ta wurin mai wāshi, ɗana, dutse zai cinye lambobin da ke gindin ruwan, alhali a nan ake buga shekarar ƙira da sunan masana'anta. Goge tsatsar da tsumma da ɗan man keken ɗinki, ka mayar da ita kube, ka kulle inda ƙannenka ba za su kai ba, kada kuma ka fita da ita waje. In ka karanta lambobin, rubuto mini su.