Amsa ga mai tambaya kan littafin labari mai sunan yaro

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambaya ko akwai amfani ki sa a buga wa ɗiyarki mai shekara 2 da rabi littafin labari da sunanta da hotonta a ciki, tunda a nan Makka Larabci ya fi Hausa shiga kunnenta. Akwai, kuma ina ba ki shawara ki yi.

Sunan yaro yakan zama kalmar farko da yake ganewa a rubuce, haruffansa kuma su ne yake fara riƙewa. Idan ta ga sunanta a kowane shafi, za ta riƙa nunawa da yatsa tana cewa a sake, a nan take gane cewa rubutu magana yake ɗauke da ita.

Abin da ya fi damuna shi ne asalinta. Littattafan da ke kasuwa da wuya ki ga yarinya mai kama da ita, da kitsonta, tana cin tuwo a gaban kakarta. Ki sa waɗannan a ciki, har da gaisuwar safe da Hausa. Ki rubuta sunanta da boko da kuma harafin Larabci, don ta saba da cewa ɗaya daga hagu yake farawa, ɗaya daga dama.

Shafi 8 zuwa 10 ya isa, takarda mai kauri. Ki duba ɓ da ɗ da ƙ kafin a buga, masu bugawa a nan ba su san su ba.

Amma fa sai kin ɗora ta a cinya kina karantawa kina tambayarta. Kada kuma littafin ya ture tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, tana buƙatar jin labarin wasu ma.