Tambayoyinku: "Na cika zanen da bishiyoyi, malami ya ce kore kawai na shafa"

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce aji uku a sashen zanen gine-gine, an ba mu furojek mu zana ɗakin karatu da filin shaƙatawa a gefensa, da sharaɗin ya zama mai ɗorewa wanda ba zai cutar da muhalli ba. Na zuba bishiyoyi ko'ina, na sa ciyawa a kan rufi, na jera sola, hoton da na fitar a kwamfuta wallahi kowa a aji sai da ya yaba, amma malamin yana kallo ya ce wai kore kawai na shafa, ba tsari na yi ba. Saura sati uku mu kare aiki. Dan Allah me yake nufi?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki ji haushi amma ni dai ina bayan malaminki. Bishiyar cikin kwamfuta ba ta shan ruwa, ba ta mutuwa, ba ta fasa daɓe da saiwarta, shi ya sa ɗalibai ke son ta. Abin da yake tambayarki shi ne, in aka yi ruwan sama a filin nan ina ruwan zai bi, kuma da ƙarfe uku na rana wane bango ne zai sha zafi. In zanenki bai amsa waɗannan biyun ba to kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Fara da ruwa, don shi ne mai sauƙin lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. To a ce rufinki murabba'in mita 300 ne aka yi ruwa na milimita 30, kin ga lita 9,000 kenan ya sauko daga rufin kaɗai, ba a ma zo maganar wurin ajiye motoci in kin shafe shi da kankare ba. Ina za ki kai shi? Wani ki tara a tanki don ban ruwan shukokin, saura ki bi da shi ta wani ɗan kwari mai ciyawa da tsakuwa wanda zai rage masa gudu har ƙasa ta shanye, maimakon ki tura shi kwalbati ya je ya cika wa na ƙasa da ke gida. Daɓen da ke kewaye da ginin ki ba shi gangara kaɗan, kamar santimita 2 a duk mita ɗaya, ya riƙa kore ruwa daga jikin bango. Duk wannan ki zana shi da kibiyoyi a kan fulan ɗin, malami ya gani da idonsa, kar ki bari sai ranar karewa ki tsaya kina bayani da baki.

Ki nemi hotunan filin shaƙatawa na Bishan a Singafo ki gani. Da can miƙaƙƙen lambatu ne na kankare mai tsawon kilomita 2.7, aka fasa shi aka mayar da shi kogi mai lanƙwasa, aka buɗe a 2012. In an yi ruwa mai yawa filin da kansa yake cika ya riƙe ruwan, in ya janye yara su dawo wasa a bakinsa. Ba yawan bishiya ba ne ya sa ake koyar da shi a makarantu.

Sai rana. A ƙasashe masu zafi da ke kusa da tsakiyar duniya, ranar safe da ta yamma ita ce matsala don tana zuwa ne a kwance ta shigo taga kai tsaye, ta tsaka kuwa rufi mai ɗan fitowa ya isa ya tare ta. Don haka dogayen bangayen su kalli arewa da kudu, bishiyoyin ki tattara su yamma inda ake buƙatar inuwarsu. Kuma kowace bishiya ki san sunanta da faɗin da za ta yi nan da shekara goma sha biyar, ki zaɓi wadda ta saba da ƙasar wurin.

Ciyawar kan rufi kuma ni da ke ce da na cire ta, sai dai in kin shirya nuna kaurin ƙasar, da nauyinta in ta jiƙe, da abin da zai hana yoyo, da wanda zai riƙa hawa yana kula da ita. A sati ukun nan ki bar gyaran hoto, ki zana ginin kamar an yanka shi biyu daga rufi har cikin ƙasa, a ga ta inda iska ke shiga da ta inda zafi ke fita.

TAMBAYA: Ɗana yana karanta wannan fanni, kullum a sitidiyo yake kwana yana yanka kwali yana manna katako, kuɗi na ta tafiya a kan ginin da ba wanda zai gina. Anya wannan karatu ne?

AMSA: Karatu ne ranka ya daɗe, a kwali ake yin kuskuren da in a siminti aka yi shi sai an rushe. Kuma ba duka ne ke ƙarewa a kwali ba. Francis Kéré yana ɗalibi a Balin ta Jamus ya zana makarantar firamare ta ƙauyensu Gando a Burkina Faso, ya tara kuɗi, mutanen gari suka gina ta da tubalin ƙasa aka gama a 2001. Dabarar da ya yi ita ce ya ɗaga rufin kwano sama da silin ɗin tubali, ya bar rata a tsakani, iska mai zafi ta riƙa fita ta sama. Ginin ya ci kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma ya ci Pritzker, babbar kyautar duniya ta masu zanen gine-gine, a 2022, ɗan Afirka na farko da ya samu. Haka Anna Heringer, aikin kammala karatunta ne ya zama makarantar laka da gora a Rudrapur ta Bangaladash. A jami'ar Auburn ta Amurka ma tun 1993 akwai shirin da ɗalibai ke zana gidaje su gina da hannunsu wa marasa ƙarfi a karkarar Alabama.

Maganar kuɗi kuwa kana da gaskiya a wani ɓangare. Modal ɗin gwaji, wato ɗan ƙaramin samfurin ginin, ba ya buƙatar kaya masu tsada, tsohon kwali ya wadatar, na ƙarshe kaɗai ake kashe wa kuɗi. Kwanan sitidiyo kuma ba abin alfahari ba ne ko da yake ɗalibai sun mayar da shi haka, ka ce masa ya riƙa barci.

TAMBAYA: Filin da aka ba mu yana da nisa, ba zan iya amfani da hoton Google kawai ba?

AMSA: A'a ɗan'uwa. Hoton sama ba zai nuna maka inda ruwa ke kwanciya ba, ko 'yar hanyar da mutane suka taka da ƙafa ta tsakiyar filin. Ka je da safe, ka koma da yamma, in da hali ka je washegarin ruwan sama, ka tafi da tef ɗin awo da takarda.